An Ɗauke Firiza, An Zubar da Iri: Wa Ke Biyan Kuɗin Ilimi a Sudan?

Idan kaka ta yi, kafin a fara yankan dawa, babana yakan shiga gonarsa ta damina da ke gefen Mai Wurno shi kaɗai, da 'yar wuƙa a hannu. Zagayawa yake yi yana duban zangarniya ɗaya bayan ɗaya. Ya tanƙwaro wannan ya murza ƙwaya biyu a tafin hannu ya saki, ya wuce waccan da tsuntsu ya taɓa, sai ya samu wadda ta cika ta yi nauyi kuma karanta bai kwanta ba, sannan ya yanke. Waɗannan ba sa shiga rumbu. A ɗakin girki ake rataye su sama da murhu, hayaƙi yana kore musu ƙwari har damina ta zagayo. Maƙwabci in ya zo sayen dawa, da mudu ake auna masa ya biya. In kuwa iri ya zo nema, baba yakan ce, "Malam, ɗebi abin da zai ishe ka, iri ba a sayar wa maƙwabci." Ina yaro na ɗauka kirki ne kawai. Sai da na girma na ga akwai lissafi a ciki. Buhun da ka bayar ya tafi ke nan. Irin da ka bayar kuwa kana nan da naka, kuma ranar da gara ko gobara ta cinye naka, ka san ƙofar da za ka yi sallama.

A watan Disamba na 2023 dakarun RSF, masu yaƙi da sojan Sudan, suka shiga Wad Madani, garin bai koma hannun soja ba sai a Janairun 2025. A garin ne hedikwatar Hukumar Binciken Aikin Gona ta Sudan take, a cikinta kuma akwai taskar iri ta ƙasa, inda aka tara samfur fiye da 17,000 na dawa, gero, riɗi, gyaɗa da sauran amfanin gona. Ma'aikata sun kwashe shekaru suna bin ƙauyuka suna karɓarsu daga hannun manoma irin babana, su busar, su zuba a 'yan jakunkuna, su rubuta wa kowanne asalinsa, su jera a firiza. An wawashe firizojin, an watsar da irin. Wanda ya yi wannan aika-aika ya san kuɗin firiza, don akwai mai sayenta a kowace kasuwa. Jakar iri mai 'yan ƙwayoyi ba ta da mai tayawa, ko da a cikinta ne dawar da za ta jure farin shekara ashirin masu zuwa take. Tun da na ji labarin nake juya tambaya ɗaya a raina: me ya sa abin da ya fi komai daraja a ɗakin nan shi ne wanda kasuwa ba ta iya sa wa farashi ba?

Ilimi kaya ne mai hali dabam da sauran kayan kasuwa. Gurasar da na ci ba za ka ci ta ba, amma in na koya maka cewa jiƙa iri a wani magani kafin shuka yana hana burtuntuna, sanina bai ragu da komai ba. Gano abin a karon farko shi ne mai cin kuɗi: shekaru, albashi, gonar gwaji, da gwaje-gwaje tara da suka faɗi kafin na goma ya yi. Isar da shi ga mutum na biyu da na dubu kusan kyauta ne. Da zarar ya fita kuma, killace shi sai ka ce tare iska da hannu. Maƙwabcinka yana leƙowa ta kan darni ya ga yadda ka yi kunya, baɗi ya yi irinta.

A 1962 wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, Kenneth Arrow, ya nuna wani kulli da ke cikin cinikin sani. Mai saye ba zai san darajar labari ba sai an faɗa masa, in kuma an faɗa masa ya riga ya samu, me zai biya? Bahaushe ya daɗe da sanin wannan kullin. Shi ya sa mai laƙani ba ya buɗe baki sai an ajiye kafin alƙalami, shi ya sa wanzami da maƙeri da mai ɗori suke riƙe sirrin sana'a a cikin gida, daga uba sai ɗa. Ba na ganin laifinsu. Mutumin da ya sha wahala kafin ya gano abu yana da haƙƙin ya ci moriyarsa. Sai dai kowa a cikinmu ya san tsohuwa ko tsohon da ya tafi kabari da wani magani, aka bar jikoki suna cewa "da Malam yana nan." Ɓoyewa tana biyan mai sani, al'umma ce ke ɗaukar asarar.

Turawa sun nemi mafita ta hanyar takardar haƙƙin ƙirƙira. Gwamnati ta ce wa mai ƙirƙira: bayyana sirrinka a rubuce kowa ya karanta, mu kuma mu hana kowa yin kasuwanci da shi sai da izininka na wani lokaci. Tun da yarjejeniyar TRIPS ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta fara aiki a 1995, wa'adin da aka tsayar shi ne shekara 20. Dabarar tana jawo kuɗi zuwa bincike, babu mai musun haka. Amma kuɗin daga tsadar kaya ake tatso shi, wanda bai da shi kuma ya haƙura da abin da kwafinsa bai fi ƙarfinsa ba. An gani a maganin cuta mai karya garkuwar jiki: a ƙarshen shekarun 1990 kuɗin magungunan mutum ɗaya a shekara ya haura dala 10,000, a 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai bayar da kwatankwacinsu a kan dala 350. Tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu kuɗin shinge ne, kuma an binne mutane da yawa a Afirka kafin a sassauta shingen.

Hanya ta uku ita ce wani ya biya kuɗin ganowa daga aljihun jama'a, sannan a saki sakamakon ga kowa. Musulmi ba baƙi ba ne a nan. Waƙafi ne ya riƙe makarantu da ɗakunan littattafai ɗaruruwan shekaru, hadisi ya lissafa ilimin da ake amfana da shi cikin ayyukan da ladarsu ba ta yankewa bayan mutuwa, wani hadisin kuma ya yi kashedi mai tsanani ga wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye. Makarantar allo da ake kira halwa a nan Sudan a kan haka take tafiya, gari ya ciyar da almajirai da malaminsu, karatu ya zama na kowa. A zamaninmu wannan nauyi yana kan baitulmali, kuma a nan ne tarihin Jazira, yankin noman auduga da Wad Madani ke cikinsa, yake da abin koyarwa.

An kafa gonar bincike ta Jazira a Wad Madani a 1918, shekara bakwai kafin a gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925. Turawan Ingila ba don son manomi suka kafa ta ba. Masaƙun Lankasha suna buƙatar auduga mai dogon zare, gwamnatin mulkin mallaka kuma da kuɗin auduga take biyan bashin madatsar. A farkon shekarun 1930 cututtuka biyu suka kusa durƙusar da aikin, ɗaya mai baƙanta reshe, ɗaya mai nannaɗe ganye, wadda masu bincike a nan Jazira suka tabbatar farin ƙuda ne ke yaɗa ta. Daga binciken ne aka fitar da nau'o'in auduga masu jure cutar, aka kuma tsaurara dokar tumɓuke karan auduga da saiwarsa a ƙone bayan tsinka. Iyayenmu Hausawa da suka yi ƙwadago a hawasha, wato gonakin aikin Jazira, sun san zafin wannan aikin a bayansu. Abin lura shi ne, an samu kuɗin binciken ne saboda mai biya da mai cin riba jiki ɗaya ne: gwamnati da kamfanin da ke gudanar da aikin suna da kaso a kowane buhun auduga. Dawa, wadda ita ce kisira da asida da tuwon kowane gida, ba ta da irin wannan ubangida, sai ta daɗe tana bin baya.

Da aka waiwaye ta sosai, an ga abin da za a iya. Gebisa Ejeta, ɗan Habasha, ya zo Sudan a 1979 yana aiki da cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa mai suna ICRISAT tare da masu binciken Sudan, a 1983 aka fitar da irin dawa na haɗin aure mai suna Hajin Dura 1, wanda a gonakin gwaji ya fi nau'o'in gargajiya yabanya da rabi zuwa ninki. Daga baya ya yi aiki a kan dawa mai jure wuta-wuta, ciyawar nan da Larabawan Sudan ke kira buda, aka ba shi Kyautar Abinci ta Duniya a 2009. Amma irin haɗin aure yana da wani hali da ya shafi zancenmu kai tsaye. In ka ajiye 'ya'yansa ka shuka baɗi, ba za su fito kamar iyayensu ba, wani dogo wani gajere, yabanya ta ragu. Dole ka koma ka saya kowace shekara. Wato makullin yana cikin ƙwayar kanta. Shi ya sa kamfanonin iri a duniya suke rububin haɗin aure, suke ja da baya daga nau'o'in da manomi zai saya sau ɗaya ya riƙa rataye zangarniyarsu sama da murhu. Nau'o'in dawa Tabat da Wad Ahmad, waɗanda manoman Jazira da Gadarif suka sani kamar yunwar cikinsu, daga hukumar gwamnati suka fito. Ba kamfanin da zai kashe shekara goma a kan irin da za a raba wa maƙwabta kyauta a shekara ta biyu.

Ribar irin wannan aiki tana da yawa, matsalarta ita ce warwatsuwa. Masanin tattalin arziki Zvi Griliches ya lissafa a 1958 cewa kowace dala da aka kashe a binciken masarar haɗin aure a Amurka tana mayar wa al'umma aƙalla dala 7 a kowace shekara. Sai dai kuɗin ba ya komawa asusun wanda ya yi binciken. Yana shiga aljihun manoma da masu sayen abinci miliyoyi, kowa ɗan kaɗan, ba wanda ya san daga ina. Ministan kuɗi da ke neman abin da zai yanke a kasafi ba ya ganin zanga-zanga in ya yanke na gonar gwaji, don waɗanda za su yi asara yara ne ko ba a haife su ba tukuna. Ribar kuma ba ta tsayawa a kan iyaka. Dawar Feterita ta Sudan ta shiga gonakin Amurka tun farkon ƙarnin da ya wuce, ciyawar dabbobin da suke kira ciyawar Sudan daga Khartum aka kai musu irinta a 1909. Sudan tana cikin yankin da aka fara noman dawa a duniya, duk mai gyaran irin dawa a Indiya ko Amurka ko Najeriya yana cin gajiyar zaɓen da kakannin manoman nan suka yi. Firizojin Wad Madani duniya suke yi wa ajiya, ƙasa ɗaya matalauciya ke biyan kuɗin wutarsu.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne ciwon nan da ake kira nabit a nan, likitoci kuma su ce maisitoma. Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Sinnar ko Jazira ko Farin Nilu ya taɓa ganinsa. Ƙaya ce take soke manomi ko makiyayi a ƙafa, ta shigar da ƙwayar cuta, wadda a Sudan galibi dangin fumfuna ce. Wani ɗan ƙullutu ya fito, ba zafi, mutum ya ci gaba da harkarsa. Shekara biyu, uku, ƙafar ta kumbura ta huhhuje, tana fitar da ruwa da wasu baƙaƙen ƙwayoyi kamar na barkono, ciwon ya ci nama ya kai ga ƙashi. Akwai wani saurayi da muka yi makarantar allo tare, gwanin tsinkar auduga, na gan shi bayan shekaru a zaune a ƙofar gida an yanke masa ƙafa daga ƙasan gwiwa. Bai kai talatin ba. Na gaishe shi, ya ce, "Ɗan'uwa, ƙaya ce fa, ƙaya ɗaya."

A lissafin kasuwa wannan ciwo kamar babu shi. Masu fama da shi ba su da takalmi, balle kuɗin magani na shekara guda, don haka ba kamfanin da zai zuba jari. Wani nazari da aka buga a 2002 ya ƙirga sababbin magunguna 1,393 da suka shiga kasuwa daga 1975 zuwa 1999, guda 16 kacal ne na cututtukan ƙasashe masu zafi da tarin fuka. Abin da duniya ta sani game da nabit, kaso mai yawa daga wuri ɗaya ya fito: Cibiyar Binciken Maisitoma ta Jami'ar Khartum da ke Soba, wadda Farfesa Ahmed Hassan Fahal ya assasa a 1991. Da ƙoƙarinta da na abokan aikinta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ciwon cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a 2016. A 2017 aka fara gwajin wani magani a kan majinyata a can, tare da DNDi, ƙungiyar da ke neman magunguna don irin waɗannan cututtuka, da kamfanin Eisai na Japan. Sunan maganin fosravuconazole, ana shan sa sau ɗaya a mako, alhali tsohon maganin kullum ake shan sa. A duba daga inda ya fito: a Japan an amince da shi ne don ciwon fumfunar farce. Farcen mai kuɗi ya samar da kasuwar da ƙafar talaka ba ta iya samarwa ba, mu kuma muka samu rabonmu daga gefe. Ina godiya da aka samu, kuma ina jin ɗacin hanyar da aka bi aka samu.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya rutsa da cibiyar. Bayan soja sun karɓe Khartum a 2025 aka ga an lalata ta, ajiyar ƙwayoyin cuta da samfuran jikin majinyata da aka tara shekaru da dama ta salwanta. Abin da aka riga aka rubuta aka buga a mujallu yana nan, don yana da kwafi a ko'ina. Abin da yake a firji ɗaya a gini ɗaya ya tafi.

Ba sai a ɗakin gwaje-gwaje sani yake zama kuɗi ba. A kasuwar amfanin gona ta Gadarif ko ta ƙaro a Al-Ubayyid, bambancin mai riba da mai asara sau da yawa shi ne wa ya riga jin farashi. Manzon Allah (SAW) ya hana a tari ayari a hanya a saye kayansu kafin su iso kasuwa, har ya ba mai kayan zaɓin warware cinikin idan ya iso ya ga yadda ake sayarwa. Malaman fiƙihu sun bayyana dalilin: baƙo bai san farashin gari ba, mai tarbarsa ya sani. Masana tattalin arziki ba su mai da hankali sosai ga wannan ba sai bayan rubutun George Stigler na 1961 a kan wahalar neman farashi. Wayar hannu ta rage wannan wahala ƙwarai. Wata masaniyar tattalin arziki, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar a shekarun da waya ke shiga, daga 2001 zuwa 2006, ta samu bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Amma kada a ɗauka waya ta gama aiki. Manomin da ya ci bashin shel da damina, ya yi alkawarin buhunan riɗinsa a kan farashin da ɗan kasuwa ya yanka, ko ya ji farashin Gadarif sau goma a rana ba abin da zai iya. Labari yana amfanar wanda ke da halin jira ko halin ɗaukar mota. Mun kuma ga yadda zaren yake da rauni a Fabrairun 2024, lokacin da layukan sadarwa suka ɗauke a faɗin ƙasa, Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, ya tsaya, mutane suka koma biyan kuɗin awa a wurin masu na'urar intanet ta Starlink don kawai su ji ko an turo musu kuɗi, ko 'yan'uwansu suna raye.

Akwai kuma sanin da mai sayarwa ke da shi a kan kayansa, mai saye ba shi da shi. Wata shekara babana ya saɓa wa al'adarsa ya sayi irin leda a kasuwa, ja-ja-wur da magani, mai shagon yana rantsuwa cewa hajin ne, wato irin haɗin aure, na asali. Ƙwayar iri ba ta faɗar gaskiyarta sai bayan wata uku. Rabi bai tsiro ba, wanda ya tsiro ya fito gatsa-gatsa, ashe dawar ci ce aka rina. Daga ranar har ya koma ga Allah bai ƙara sayen irin leda ba, duk da malamin gona ya zo har gida ya ce, "Baba, wannan daga hukuma yake, da hatiminsa." Ya ce, "Yaro, wancan ma da hatiminsa." Masanin tattalin arziki George Akerlof ya bayyana wannan a 1970 da misalin tsofaffin motoci, aka ba shi kyautar Nobel a 2001: idan mai saye ba ya iya bambance nagari da mugu, ba zai biya kuɗin nagari ba, mai nagari ya janye, kasuwa ta rage wa masu algus. Wani bincike a Uganda da aka buga a 2017 ya samu takin da ake sayarwa ya rasa kusan kashi 30 cikin 100 na sinadarinsa, irin masarar haɗin aure kuma bai kai rabi ba na gaskiya. Sai a zauna a ofis a ce manomi ba ya son ci gaba. Manomi lissafi yake yi da abin da ya taɓa gani. Shekara goma ta masu bincike tana iya lalacewa a kan teburin mai shago ɗaya, in babu hukumar da ke gwada iri tana hukunta mai algus. Albashin mai duba iri a kasuwa wani yanki ne na kuɗin bincike, ko da ba a rubuta shi a layi ɗaya ba.

Zancen mujallun kimiyya ba zan ja shi ba, don tsarin a bayyane yake. Jami'o'i ke biyan masu bincike, masu bincike su rubuta, takwarorinsu su tantance ba tare da an biya su ba, kamfanin ɗab'i ya sayar wa jami'o'in da abin da suka samar. Ribar kamfanin ɗab'i na Elsevier ta daɗe tana sama da kashi 30 cikin 100. Da aka matsa a buɗe wa kowa karatu, sai aka mayar da kuɗin kan marubuci: mujallar Nature ta sa yuro 9,500 a kan maƙala ɗaya a 2021. Shirin Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya, tun 2002, da AGORA na aikin gona, tun 2003, sun buɗe wa ƙasashe marasa ƙarfi ƙofa, kuma sun taimaka. Sudan tana da ƙarin nata shingen: takunkumin Amurka daga 1997 zuwa 2017 ya wahalar da sayen kayan gwaji da biyan kuɗi ta banki, a 2014 ma dandalin karatu na Coursera ya rufe wa 'yan Sudan shiga saboda shi. Ƙaro dai an bar masa hanya ya fita, don masu lemon kwalba suna buƙatarsa.

Da za a buɗe duk mujallun duniya gobe, da sauran aiki. Takarda ba ta shuka kanta. Sai an samu wanda ya karanta ya gane, ya san ƙasar laka ta Jazira da yadda take tsagewa da rani, ya san wace shawara ce za ta yi a Rahad ba za ta yi a Kordofan ba. Irin wannan sani a kan mutane yake, a hannun ma'aikacin da ya shekara ashirin yana haɗa auren furen dawa da ɗan hantsaki, ko mai leƙa madubin likita da ke gane ƙwayar nabit da kallo ɗaya. Shi ne mafi tsadar samarwa, shi ne kuma mafi saurin tafiya, don yana da ƙafa da iyali. Tun kafin yaƙi asibitocin Saudiyya da sauran ƙasashen Gulf cike suke da likitocin da talakan Sudan ya biya kuɗin karatunsu, yanzu kuma malaman jami'a sun bazu a Alƙahira da Riyad da Kampala. Ba na zargin kowa, mutum ba zai ciyar da 'ya'yansa da kishin ƙasa ba. Amma a Khartum ɗin nan ne, a taron Tarayyar Afirka na 2006, aka yi kira ga ƙasashe su ware kashi 1 cikin 100 na arzikin da suke samarwa a shekara don bincike. Kusan duk ƙasashen nahiyar ba su cika ba, har da mai masaukin baƙi. In za a sake gina tashoshin bincike, ra'ayina shi ne a fara da albashin da zai dawo da mutanen nan ya zaunar da su, kafin fenti da kwandishan.

Abin da ya tsira daga taskar Wad Madani, wanda aka kwafa ne. A tsibirin Svalbard na ƙasar Norway akwai rumbun iri da aka haƙa cikin dutse, aka buɗe a 2008, ana ajiye iri a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. Kowace ƙasa ta kai akwatinta, ita kaɗai ke da ikon buɗewa. Cibiyar binciken noma ta ICARDA da yaƙin Siriya ya kora daga Halab ta karɓo nata a 2015, ta sake shuka shi a Lebanon da Maroko, ta mayar da sabo. Sudan ta fara kai nata tun kafin yaƙi, a Fabrairun 2025 kuma ta ƙara kai wani kaso mai nau'o'in dawa da yawa. Sai dai wani yanki ne kawai na taskar aka kai. Kwafin iri ba kamar kwafin takarda ba ne, sai an shuka, an killace furen kada ya gauraya, an girbe, an busar, an gwada tsirowarsa, kowane mataki da kuɗinsa da ma'aikacinsa. Kuɗin da aka ƙi kashewa a shekarun zaman lafiya ba shi da yawa in an gwada da abin da ya zube a ƙasa.

Sauran kwafin yana wuraren da ba a rubuta a kowane kundi ba. Da faɗa ya iso jihar Sinnar a tsakiyar 2024, gwaggona ta gudu Gadarif da jikoki uku da ƙullin kaya ɗaya. Da na same ta a gidan da aka sauke su, ta kwance bakin zanenta ta nuna mini wani ɗan ƙulli, dawa ce fara da ba ta kai cikin tafi biyu ba, an cuɗe ta da toka. Na ce, "Gwaggo, kin bar tukwane da katifa kin ɗauko wannan?" Ta ce, "Ɗan nan, tukunya ana sayarwa. Wannan ta Inna ce, ba ta a kasuwa." Ta raba biyu, ta ba matar gidan rabi aka shuka a bayan gida, don damina ta riga ta sauka. Da ta koma garinsu bayan ƙura ta lafa, ta tarar ɗakin girkin babu ko ƙyalle, zangarniyar da ta bari sama da murhu an ba dabbobi ko an ƙone. Rabin da ke bakin zanenta ta shuka, matar Gadarif kuma ta aiko mata da mudu biyu daga abin da ta girbe. Ma'aikatan taskar iri da za su sake fita tattarawa suna buƙatar mota da mai da jakunkuna da firizar da ke aiki da hasken rana, suna kuma buƙatar mai jin Hausa da Fillanci da sauran harsunan ƙauyukan nan a cikin tawagarsu, don mata irin gwaggo ba sa kwance bakin zane a gaban wanda ba su yarda da shi ba. Ta ce in sun zo zan iya kawo su, za ta ba su cikin tafi ɗaya, da sharaɗin a rubuta sunan Inna a jikin jakar.